Robot ya riƙe giranda, ko ya riƙe kayan?

Alhaji, ka ce wurin aikinka a nan Sakkwato ba shi da faɗi, kana son robot ya karɓi aikin guga da fito da sheƙi, kana tambayar tsarin da ba zai cinye fili ba. Tsari biyu ake yi, kuma girman kayanka ne zai raba gardama.

A na farko, giranda ce a hannun robot, kayan kuma a ɗaure kan tebur. Wannan na manyan kaya ne, irin ƙofar gida ko tanki, waɗanda hannun ba zai iya ɗagawa ba. Samfurin robot da ake kira UR10e, alal misali, kilo 12.5 yake ɗauka, hannunsa na kaiwa mita 1.3. Sai dai tsarin na cin wuri: tebur daidai girman kayan, hanyar shigo da su, ga wurin ajiye kawunan guga da na sheƙi da robot zai riƙa sauyawa.

A na biyu, robot ne ke riƙe kayan, ya kai su wajen injinan da aka kafe. In hannayen ƙofa ko murafen tukwane kake yi, wannan nake ba ka shawara. Ana jera injinan sama da ƙasa a jikin bango ɗaya: bel ɗin samfefa mai lamba 60 (mai kaushi) a ƙasa, mai 120 (wanda ya fi laushi) a samansa, faifan ƙyalle na sheƙi a gefe. Robot ya ɗauko kayan daga tire, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye. Ba sauya kai, ba wayar giranda tana bin hannu, ƙura kuma a waje ɗaya take tashi, nan za ka sa bakin injin zuƙe ta. Aibinsa, kowace siffa da irin mariƙinta, kuma inda aka riƙe ba ya goguwa sai an ajiye an sake kamawa.

Duk wanda ka zaɓa, sai da na'urar daidaita ƙarfin dannawa, domin faifai yana cinyewa, robot kuwa ba ya ji a hannunsa yadda ƙwararren mai walda ke ji. A tsari na farko nauyinta kan hannun yake, a na biyu jikin injin da aka kafe.

Don Allah kada neman fili ya sa ka cusa akwatin sarrafa robot ɗin a lungu. Yawancin waɗannan robot iyakarsu zafin digiri 45, ka kuwa san ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Shinge ma dole ne, saboda tartsatsi da faifan da kan fashe. In kuma kana goge alminiyon da ƙarfe, kada ƙurarsu ta haɗu a bututu ɗaya, don garin alminiyon yana kamawa da wuta har ya fashe. Nasa injin zuƙar daban, mai ruwa a ciki, ka ware masa wuri tun kafin ka auna na robot.