Resista ko allon PWM wajen rage hasken LED a samfurin jirgin ƙarƙashin ruwa?

Ɗan'uwa, sayi resista kawai, wato ɗan abin nan da ke rage wutar da ke shiga ƙwan LED, ka bar allon rage hasken nan.

Nawa samfurin U-boat ne, jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Jamus, Type VII C na kamfanin Revell, ma'aunin 1:72, tsawonsa ya kusa mita ɗaya. Da farko resista mai ohm 330 na sa wa farin ƙwai a kan batir mai volt 9, kamar yadda lissafi ya ce. Ina kunnawa jirgi ya koma kamar shagon mai cajin waya, haske har yana ratsa roba. Sai na zauna da dare na kashe fitilar ɗaki, na baza resistoci a faranti ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. A kan ohm 2,200 na tsaya. Jan hasken cikin hasumiya ya yi laushi kamar garwashin da toka ta fara rufewa, ƙanena ya leƙa ta ƙofar sama ya ce saura ya ga matuƙa suna motsi. Tun ranar ban sake taɓa shi ba, batir kuma yana daɗewa, don wutar da kowane ƙwai ke sha wajen miliamfa 3 ce kawai.

Amma kowane ƙwai ka ba shi resistarsa. Ja yana kamawa a wajen volt 2, fari sai wajen volt 3, in ka haɗa su a kan resista ɗaya ja ne zai shanye wutar, fari ya ƙi tashi. Fitilun gefen jirgi kuwa, ja a hagu, kore a dama, kar ka juya. Kuma ka shafa wa cikin jirgin baƙin fenti kafin ka manne.

Allon PWM kuwa, mai rage haske ta hanyar kunna wuta da kashe ta da sauri, yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Wanda na saya dai ya cinye wuri, kuma in na ɗauki bidiyo da waya sai hasken ya riƙa kyaftawa. Yana cikin durowa.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wani ya rantse min cewa ƙwayayen nasa da resista a jikin wayarsu, na jona biyu suka ƙone nan take. Tafi da ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, a aljihu, ka gwada launin a gabansa, ka kuma lalubi wayar ka ji kumburin resistar kafin ka miƙa kuɗi.