Ƙaramar tirelar kwana: abin da za ka auna kafin ka kai wa mai walda kuɗinka

Mai noman rani a bakin dam ɗin Sabke ko Daberam ko Ajiwa, da ɗan kasuwar da ke isa Mai'adua tun daren Asabar don ya riski kasuwar Lahadi, buƙatarsu ɗaya ce: wurin miƙe baya wanda sauro da raɓa da ƙura ba sa shiga, kuma wanda za a ɗaura a bayan mota a tafi da shi. Ƙaramar tirela mai taya biyu tana biyan wannan buƙata, kuma masu waldarmu na Katsina da Daura suna iya haɗa ta. Sai dai yawancin waɗanda ake haɗawa an fara su ne daga ɗaki da fenti, aka bar ƙasan da abin da ya rage a aljihu. Ƙasan nan kuwa, aksul (ƙarfen da tayoyi ke maƙale a bakinsa biyu) da taya da mahaɗi (abin da ke kulle tirela a jikin mota), shi ne ke riƙe da ranka da na masu bin bayanka a titi. Wanda gonarsa take yankin da tsaro bai inganta ba, wannan magana ta kwana a waje ba tasa ba ce tukuna.

Fara da motar da za ta ja. Littafin mota yakan nuna nauyin tirelar da aka yarda ta ja, iri biyu: mai birki da marar birki. A ƙa'idar Turai tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 har da kayanta, amma ƙananan motoci irin Golf da Corolla yawanci nasu yana tsakanin kilo 450 da 600. Tirelar gida kusan duk marar birki ce, don haka wannan lambar ita ce iyakarka, kuma duk abin da za ka saya daga nan sai ka tambayi kilonsa kafin ka tambayi kuɗinsa. Mai Hilux yana da sarari fiye da haka, amma ko shi bai kamata ya haura 750 ba idan tirelar ba ta da birki.

Girman da ya fi sauƙi shi ne ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, saboda daidai girman falle ɗaya na filawud ke nan. Babu haɗi a daɓe, babu asarar yanka. Aibinsa shi ne bango yana cin faɗin, abin da zai rage a ciki bai kai ƙafa 4 ba, katifar 6 da 4 ba za ta shiga ba sai an rage mata gefe. Mai ƙafa 5 yana ɗaukar mutum biyu a sake, amma sai an haɗa falle da falle, ya fi ƙaramar mota faɗi idan an ƙara tayoyi, yana tare madubi, yana kuma shan iska. Ga mutum ɗaya, mai ƙafa 4 ya isa.

Aksul: inda ya kamata ka daɗe kana tunani

Hanya ta farko da kowa ke fara kawowa ita ce a je wurin 'yan gwangwan a sayi aksul ɗin baya na tsohuwar a-kori-kura, misali Fijo 504, da sifirin ɗinsa gaba ɗaya. Yana da arha kuma ba ya karyewa. Matsalarsa nauyi: kana jan tukunyar giya, wato dunƙulen da ke tsakiyar aksul mai juya tayoyi, da ƙarafan cikinta waɗanda ba sa yi maka aikin komai, kuma dole ka ci gaba da zuba mata mai. Babbar matsalar ma tana sifirin. An yi shi ne don ɗaukar kaya masu nauyin gaske, idan ka ɗora masa kilo 450 ba ya lanƙwasa ko kaɗan, tirelar sai ta riƙa tsalle a kan kowane rami, kusoshi su saki, filawud ya tsage a kusurwa. Wanda ya zaɓi wannan sai ya cire wasu ganyayen sifirin ya bar kamar uku.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko aksul ɗin bayan Golf 2 ko Golf 3 yadda yake. Ba shi da tukunyar giya, ba nauyi, kuma borisansa akwai su a kowane shagon kayan gyara daga Katsina har Mashi. Amma shi da murɗaɗɗen sifirin yake aiki, wanda ke tsaye tare da shokazoba, sai an gina masa mazauni mai tsayi da zai kutsa cikin ɗakin daidai inda katifa za ta kwanta. Faɗinsa kuma ba ya canzuwa. Sannan da yawa daga waɗanda ke hannun 'yan gwangwan daga motar haɗari aka ciro su, sun ɗan lanƙwashe yadda ido ba ya gani, sai bayan wata biyu ka ga gefe ɗaya na taya ya cinye.

Ta uku ita muka fi yarda da ita. Kan aksul ɗin Golf, wato sandar da wili ke juyawa a kanta, da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ana kwance shi. Sai a sayi guda biyu da mazaunin wilinsu, a yanko fayif mai kusurwa huɗu milimita 50 da 50 mai kaurin milimita 5 daidai faɗin da ake so, a yi waldar farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 a kowane baki, a huda, a ɗaure kawunan a jiki. A ƙarƙashin shasi, wato firam ɗin ƙarfen da ɗakin ke zama a kai, a sa sifirin mai ganye na ƙaramar motar kaya irin Hijet ko Suzuki Carry, wanda laushinsa ya dace da wannan nauyi. Duk aikin yana kan farantan nan biyu: in ba su tsaya daidai da juna ba, tayoyin za su kalli wurare daban. Wannan aiki ne na mai injin sassaƙar ƙarfe, kada a bar wa mai waldar ƙofa da taga ya yi shi da ido.

Akwai kuma aksul na kamfani mai roba a ciki, wanda ake shigo da shi daga waje. Yana da laushi, babu sifirin, kusoshi huɗu ne kawai ɗaurinsa. Ranar da robar ta mutu a hanyar Shargalle babu bakaniken da zai gyara maka, sai dai sabo.

Kowanne ka ɗauka, duba ramukan wili. Golf 3 na gama-gari da tsofaffin Corolla ramuka 4 ne a da'irar milimita 100, Fijo 504 ta fasinja ramuka 4 ne a 140, Hilux kuma yawanci 6. In na tirela ya zo ɗaya da na motarka, safaya ɗaya za ta yi muku. A jikin taya karanta lambobi huɗu na ƙarshe na ranar ƙira: 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane takan fashe a zafin Afrilu. Taya 175/70 R13 mai lambar nauyi 82 tana ɗaukar kilo 475, biyu sun wadatar.

Shasi kuwa a saye shi sabo. Fayif 50 da 50 mai kaurin milimita 3 yana da nauyin kilo 4 da ɗoriya a kowace mita, sanda uku masu kusan mita 6 za su yi zagayen, da gicciye biyu, da wuyan ja, wato ƙarfen da ke miƙewa daga gaban tirela zuwa mota. Ka je da ma'aunin kauri ko ka sa a ɗora sandar a sikeli, domin a kasuwa ana miƙa mai milimita 2 da sunan 3. In ba a samu mai kyau a gida ba, Ƙofar Ruwa a Kano ba ta da nisa ta hanyar Kazaure. Tsohon shasin mota ya yi nauyi, tsatsarsa kuma daga ciki take ci.

Wuyan ja iri biyu ne: sanda ɗaya miƙaƙƙiya, ko biyu da suka haɗu a gaba kamar bakin kibiya. Mai biyun ya fi jure hanyar burji, kuma yana ba da wurin ɗora safaya. Tsawonsa daga gaban ɗaki zuwa mahaɗi ya kai mita 1 zuwa 1.2, don kada kusurwar ɗakin ta daki mota a kwana. Sandunan su bi ta ƙarƙashin shasi har kusa da maratayin sifirin na gaba. Wanda aka manna bakinsa a gaban shasi da walda kawai, nan yake tsinkewa. Haka kuma kada a yi walda a gicciye a saman sandar daidai inda ta fito daga shasi, a yi ta a tsawon gefe, saboda tsaga daga irin wannan ɗinkin take farawa.

Inda aksul zai zauna shi ke hana tirela rawa. A ɗaki mai santimita 244, tsakiyar taya ta kasance wajen santimita 145 daga gaba. Abin da ake nema shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin duka ya sauka a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, wanda mahaɗi ke kamawa: tirela mai kilo 480, wuyanta ya nuna 40 zuwa 50 a sikelin awon mutum. In ya yi ƙasa da haka, da ka kai gudun kilomita 70 ko babbar mota ta gifta ka, sai bayan ya fara lilo. Kafin a kammala walda a auna da igiya daga tsakiyar mahaɗi zuwa kowane kan aksul. Bambancin kada ya wuce milimita 3.

Mahaɗi ba abin ƙerawa ba ne, a saya na kamfani. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka kuma akwai inci 2 da inci 1 da 7/8, kuma motocin Kwatano suna zuwa da kowanne. Mahaɗin 50 a kan ƙaramin ƙwallon Amurka zai kulle kamar ya zauna, ramin farko ya tsige. Ƙarfen da ke riƙe ƙwallon a ɗaure shi da kusoshi a shasin mota, tsayinsa daga ƙasa santimita 35 zuwa 42; bamba da zoben jan mota ba wurinsa ba ne. A ƙara sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan. Fitilun birki da sigina da jan madubi mai ƙyalli dole ne, kuma ka leƙa ofishin VIO da na Road Safety da zanenka tun kafin a yanka ƙarfe.

Ɗakin da zafin bazara

Mai walda zai ce a rufe da farantin ƙarfe, don shi ya saba da shi. Bango da rufin wannan ɗaki sun kai murabba'in mita 12. Farantin milimita 1 zai ci kilo 94, alminiyom mai rabin milimita kuma kilo 16. Ban da nauyi, a watan Afrilu da Mayu da zafin Katsina ke kai digiri 40, akwatin ƙarfe tanderu ne har tsakar dare. Ya fi hana ɓarawo, wannan kaɗai ne amfaninsa.

Filawud mai rufin alminiyom ya fi: milimita 18 a daɓe, 12 a bangon gefe, rufi kuma falle biyu na milimita 6 da farin soso irin na kwalin firiji mai kaurin milimita 25 a tsakaninsu. Kada a manna soson da gam irin na masu takalmi, narkar da shi yake. Abokan gabar filawud ruwan Agusta ne da gara. A shafe ƙasan daɓe da duk bakin yanka da kwalta ko fenti mai mai sau biyu, a sa silikon a kowane ramin kusa. Haka za ka samu tirela mai kimanin kilo 300 babu kaya.

Zaɓi na uku, buɗaɗɗen akwati da baka-bakan ƙarfe da tamfol, shi ya fi sauƙi da sanyi, kuma da safe za ka naɗe katifa ka loda buhun albasa. Ƙurar hunturu tana shiga, iskar farkon damina tana yaga shi, ba ya kulluwa. Ga manomin da ke son abu ɗaya ya yi masa aiki biyu, duk da haka shi ya dace.

Ƙofa a gefen dama, wajen bakin titi. Taga biyu masu kallon juna da ragar sauro, da mafitar iska a rufi wadda ba a toshewa. Kada a taɓa shigar da kaskon gawayi ko rishon gas ciki a daren sanyi. Iskar mai kisa da suke fitarwa ba ta da wari, ɗaki mai wannan ƙanƙanta kuma nan da nan take cika shi. Girki a waje.

Wuta ba ta buƙatar dogon lissafi. Fanka mai wat 20 na awa 9, ƙwan lantarki biyu da cajin waya, duka wajen wat-awa 250 ne a dare. Farantin sola mai wat 100 da batir mai amfiya 60 sun isa, da kwantirola mai daidaita caji da fis kusa da kan batir, in ana share ƙurar farantin kullum. Batirin gubar mai amfiya 100 yana kusan kilo 30, na lithiyom bai kai rabin haka ba amma ya fi tsada. Batir da jarkokin ruwa, kowace kilo 25, su zauna a kan aksul ko gabansa kaɗan.

Kafin tafiyar farko, a loda buhunan yashi daidai nauyin kayanka, a ɗora kowace taya da wuyan a sikelin 'yan hatsi ɗaya bayan ɗaya, a tara. Sai a yi kilomita 10 a tsaya a taɓa mazaunin wili: ɗumi ba laifi, in hannu ba ya zama to notin boris ya matse da yawa ko giris ya yi kaɗan. Bayan kilomita 50 a sake ɗaure notocin wili da na sifirin. Gudu kada ya wuce 80, in kuma ta fara lilo, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa, sannan a tsaya a matso da kaya gaba.