Shagunan batir a Maradi lokacin ɗari: a auna tukuna, sannan a yi ciniki

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, masu shagon batir a Maradi ba sa samun sukunin karyawa da safe. Motocin da suka ƙi tashi da asuba ne ke jere a ƙofarsu: taksi, Hilux ɗin ƴan kasuwa, motocin haya na hanyar Ɗan Isa da Tasawa. Aikinsu uku ne, gwaji da caji da sauyi. Sauyi kusan kowane yaron shago ya iya shi, caji ma da dama-dama. Gwajin kirki kuwa sai an zaɓi wuri, kuma a nan ne kuɗin mai mota ke tsira ko ya salwanta.

Sanyin hunturun nan ba ya kashe lafiyayyen batir. Da dare awon sanyi kan sauka wajen digiri 12 zuwa 15, abin da batir mai ƙarfi ba ya ko ji a jikinsa. Ɓarnar tun bazara aka yi ta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a inuwa, balle kusa da inji, shi ke ƙafar da ruwan batir ya cinye farantan dalmar da ke ciki. Da ɗari ya shigo, aikin sinadarin ya yi sanyi, man inji ya yi kauri, mai gazuwal kuma sai ta ja wuta ta ɗumama bujinta kafin ta juya. Batirin da ya lallaɓa ya wuce Oktoba sai ya tona asirin kansa a Janairu.

Shagon da za a guje wa ba shi da wuyar ganewa. Yaro zai ɗauko guntuwar waya, ya dafa ɗaya daga cikin kawunan batirin biyu, (+) da (−), ya goga a ɗayan, ya dubi tartsatsin ya ce, "Alhaji, wannan ya mutu, sai sabo." Tartsatsi ba awo ba ne. Batirin da ya rage rabin rai ma yana tartsatsi, sannan batir na fitar da iska mai kama wuta, musamman wanda aka sauke daga caji yanzu-yanzu, kuma in ya fashe fuska yake nema. Ɗan'uwan wannan gwaji shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko dinamo, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, na ba da wuta. A tsohuwar Peugeot 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, wutar da ke tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona dinamon ko kwamfutar, abin da kuɗinsa ya ninka na batir.

Shagon da ya san aikinsa mita yake fara ɗaukowa, kuma awo uku yake yi. Na farko mota a kashe, bayan ta huta ƴan awoyi. In yanzu aka kashe ta, a kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu a kashe, don wutar da ke sama-sama ta sauka. Cikakken batir na nuna volt 12.6. In ya nuna 12.4 ya rage kamar kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Wanda ya tsaya wajen 10.5 ko bayan an yi masa caji, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ne ya mutu, tunda kowane ɗaki 2.1 yake bayarwa. Wannan ba shi da magani.

Sai dai wannan awo caji kawai yake faɗa, ba ya faɗar ƙarfi. Shi ya sa na biyu ya fi shi muhimmanci, kuma shi ne wanda yawancin shaguna ke tsallakewa. Ana barin wayoyin mita a kan batir, direba ya murɗa makulli, mai awo ya zuba wa lambar ido. Lafiyayye zai faɗo daga 12.6 zuwa 10 da wani abu, inji ya kama, lambar ta haye. Raunanne za ka ga 12.4 ta rikito zuwa 7 ko 6, fitilun gaban direba su dushe, a ji ƙas-ƙas-ƙas, da an saki makulli lambar ta koma 12 kamar ba abin da ya faru. Iyakar ita ce 9.6, batirin da aka cika da caji amma ya faɗi ƙasa da haka, ya gama aiki. Wasu shagunan suna da ƙaramar na'ura da ake shigar wa lambar CCA da ke jikin batirin, ta faɗi nawa ya rage. Wannan lamba ita ce yawan ampa da batir ke iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Sanyin da Maradi ba ta taɓa gani ba ne, amma lambar na da amfani a matsayin ma'auni: wanda aka rubuta wa 540 yana ba da 300, ba sai an yi gardama ba.

Na uku, inji na aiki. Mita ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5, kuma kar ya rikito in an kunna fitilu da fanka. In yana ƙasa da 13, dinamo ne ko bel ɗinsa ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta. In ya haura 15, dinamon na dafa batirin ne. Alamarsa warin ruɓaɓɓen ƙwai da kumburin gefe. Duk awon ukun ba sa cin minti goma. Mai shagon da ya yi su ya ce maka, "Maigida, batirinka lafiya lau, je ka wurin mai gyaran wuta," ya bar cinikin yau, amma shi ne wanda ya kamata a riƙe.

Kafin ma a kai ga yanke wa batir hukunci, a dubi kawunansa. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a wurin, haɗe da ƙurar hunturu, yana tare wuta sosai. Ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat ko jiƙaƙƙiyar kanwa na wanke shi, muddin bai shiga cikin ɗakunan ba, sannan a goge da burushin ƙarfe. Kan da ke juyawa in an murɗa da hannu, a ɗaure shi ko a sauya shi. Buga ƙusa a tsakani, da ake yawan gani a taksi, dabarar kai mota gida ce kawai.

A wajen caji, gaggawa ce matsalar. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir: wanda aka rubuta wa 60Ah a jikinsa a ba shi ampa 6, ya kwana a kai awa 10 zuwa 12, murafunsa a kwance. Mai mota na sauri, mai shago na tsoron ɗaukewar wuta, sai a buɗe masa ampa 30 na awa ɗaya. Zai tayar da motar yau, amma ya yi zafi, farantansa sun ƙara zubewa. Ruwan da ya ragu kuma, tataccen ruwan batir ake ƙarawa har ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya. Ba ruwan famfo ko na rijiya ba, ba kuma asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin na nan. Masu zubar da na ciki su ɗura sabon asid suna sayar da makonni ne kawai.

In sauyi ya zama dole, girma da mazauni ake fara dubawa. Motocin Japan irin su Starlet da Corolla na ɗaukar NS40 ko NS60, Hilux da Land Cruiser masu gazuwal N70 zuwa sama, motocin Turai kuma nasu gajere ne, kawunansa a nutse. Harafin L ko R da ke ƙarshen lambar na nuna gefen da kawunan suke. In aka kuskure shi waya ba za ta kai ba, kuma mai shagon da ya ce zai ja ta da ƙarfi, a ce masa a'a. Motar da ke da batir biyu, biyun ake sakewa tare, in ba haka ba tsohon zai janyo sabon ƙasa. A sa mita a kan sabon tun yana kan kanta: in bai kai 12.4 ba, ya daɗe a ajiye cikin zafi, a nemi wani. Tsakanin rufaffe da mai murafu, rufaffen ya fi dacewa da wanda ba zai riƙa dubawa ba. Direban haya da ke buɗe inji kullum zai fi morar mai murafu, don yana iya mayar masa da ruwan da bazara ta sha. Na hannu kuwa sai wanda ya ci awo na biyu a gabanka.

Wajen ɗaurawa, mota a kashe, makulli a aljihu. Ana fara cire baƙar waya ta (−), sannan ja ta (+), yawanci da sifana lamba 10. Dalili: jikin mota duka (−) ne, in aka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, sai wuta ta tashi. Wajen mayarwa ja ce farko, baƙa ta biyo, a shafa ɗan giris a kai bayan an ɗaure. Maɗaurin da ke danne batir a mazauninsa, wanda yara ke yawan jefarwa gefe, dole ya koma. Gargadar hanyoyin ƙauye na karkaɗe farantai cikin ƴan watanni. A karɓi takardar garanti mai kwanan wata da tambarin shago, a kuma sa tsohon cikin ciniki, tunda dalmarsa kuɗi ce kuma ana rage ta a farashi.

In sabon ya sake kwanciya bayan kwana biyu ko uku a ajiye alhali dinamo lafiya, wani abu ne ke shan wuta mota a kashe. A cire baƙar waya, a sa mita a awon ampa tsakaninta da kan batir, ƙofofi a rufe, a jira ƴan mintuna: bai kamata ya wuce ampa 0.05 ba. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Sau da yawa rediyo ne ko amfilifaya da aka haɗa kai tsaye da batir.