Filin ƙwallo na ciyawar roba a ƙasar yumɓu: sharhi kan aikin wani kamfani a Agege

Masu shimfiɗa ciyawar roba sun yawaita a Legas, kuma 'yan uwanmu masu gidaje a Agege, Ikorodu da Ojo sun fara kiransu su yi wa yara ɗan filin ƙwallo a bayan gida. Aikin da muke dubawa nan na wani kamfani ne da ya yi fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 15 a wani gida a Agege. A taƙaice, hannunsu a kan ciyawar yana da kyau ƙwarai, amma abin da suke sakawa a ƙarƙashinta sai mai gida ya tsaya da ƙafarsa.

Matsalar tana cikin takardar farashinsu ta farko. Sun rubuta haƙa santimita 10, a cike da jan ƙasa, a zuba garin dutse, a shimfiɗa. Wannan tsari zai iya wucewa a yashin Lekki, inda ruwa ke nutsewa da kansa. A yumɓu, irin ƙasar wannan gida na Agege, ba zai yi ba. Yumɓu yana riƙe ruwa, yana kumbura da damina, yana tsukewa ya tsage da rani, kuma duk abin da aka ɗora masa yana bin wannan motsi. Jan ƙasar da aka daɓe ma ba ta barin ruwa ya wuce. Ciyawar tana da ƙananan huji a bayanta, ruwa zai bi ta ciki, ya tarar ba hanya, ya kwanta. Ruwan watan Yuni ɗaya ya isa ya fito da kwari da tudu a filin.

Tsarin da ya dace, wanda kuma kamfanin ya iya idan an nema, shi ne a haƙa santimita 20 zuwa 25, a kwashe baƙar ƙasa da saiwoyi gaba ɗaya. A karkatar da gindin ramin da santimita 1 a kowace mita, wato santimita 10 a faɗin wannan fili. Daga nan a yanka ramuka a jera bututun roba mai huji na inci 4, tazarar mita 4 zuwa 5, a lulluɓe su da tsakuwa, duka su haɗu a babban bututu guda. Sai a shimfiɗa ƙyallen jiyotekstil, wato ƙyallen roba mai barin ruwa ya wuce, a kan yumɓun, gefe ya hau gefe da santimita 30. Wannan ƙyalle ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran kayan, amma shi ke hana laka hawowa ta cika tsakanin duwatsu. Inda aka bar shi, tsakuwar takan nutse cikin yumɓu a hankali har magudanar ta toshe.

Tsakuwar dutse mai inci uku bisa huɗu, irin wadda tifofi ke kawowa daga wajen Abeokuta da Ibadan, ita ce jikin aikin. Kaurin santimita 15 a murabba'in mita 150 yana cin kimanin tan 38 zuwa 40, sai garin dutse na santimita 3 a sama, kimanin tan 7 zuwa 8. Mai gida ya ƙirga tifofin da suka shigo, don nan ake rage kaya ba a gani. Kuma kada a yarda a zuba duka a daɓe sau ɗaya. Injin daɓe na hannu ba ya kaiwa ƙasa sosai, dole a yi hawa biyu, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. A nan ma'aikatan kamfanin sun burge mu, sun ja igiya sun auna, ba su dogara da ido ba.

Tambayar da ba su yi ba, kuma ita ce babba a Legas: ina ruwan zai tafi? A unguwanni da yawa an ɗaga titi har kwata ta fi tsakar gida tsawo. Idan haka ne, bututu kaɗai ba zai fitar da komai ba, sai an gina ramin tara ruwa da siminti an sa masa famfo. Rijiyar tsotse ruwa a cikin yumɓu ɓarnar kuɗi ce, cika za ta yi ta tsaya.

Ciyawar da suka kawo mai tsawon milimita 50 ce, naɗi mai faɗin mita 4, daidai da ƙwallon ƙafa. Sun bar ta a rana ta saki jiki kafin yanka, sun juya gashin kowane naɗi fuska ɗaya, sun haɗa da tef da gam mai haɗi biyu. Mahaɗar ba ta ganuwa. Gefuna kuma an kama su da kankare, ba a bar su ga ƙusa a cikin ƙasa ba. Wanda yake son wasan tanis ko kwando ya sani wannan ciyawa ta yi tsawo, ƙwallo ba zai yi tsalle ba.

Wajen cika tsakanin gashin ciyawar, a nemi busasshen yashin silika wankakke. Yashin gini da ake ɗebowa daga ruwa yana ɗauke da laka, yana daskarewa ya rufe hujin. Baƙin garin roba yana sa filin laushi, amma yana ɗaukar zafi sosai da tsakar rana a watan Fabrairu da Maris, yaro ba zai taka shi ba takalmi ba sai an watsa ruwa.

Garantinsu ya shafi kodewar launin ciyawa ne kawai, bai ambaci nutsewar ƙasa ko kwanciyar ruwa ba. A sa su rubuta wannan a yarjejeniya. A yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da yumɓu ya bushe, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an ga yadda filin ya yi da ruwan sama mai ƙarfi na farko.