Kiɗan rediyon ƙuruciyata na same shi a shagon Sahel Sounds

Duk wanda ya tashi a Nijar cikin shekarun 1980 ya san wani kiɗan ogan, abin kiɗan nan na lantarki mai kama da piyano, da ake sakawa a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri. Ba baitoci, sauti ne kawai mai tafiya sannu-sannu kamar ayarin raƙuma. A gidanmu a Damagaram, da an sako shi mahaifiyata takan ce mu rage surutu. Na girma ban san sunan mai kiɗan ba, sai bana da ƙanena mai gyaran waya ya turo mini shi ya ce, "Yaya, ka tuna wannan?" Tsigar jikina ta tashi. Ashe Mamman Sani ne.

Daga nan na bi sawu har shagon Sahel Sounds, wani kamfanin fitar da kiɗa, da ke kan Bandcamp, dandalin sayar da waƙoƙi a intanet. Wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, ya kafa shi a birnin Portland, bayan ya yi yawo a Mali da Muritaniya da Nijar yana naɗar kiɗa. Shi ya ci karo da tsohon kaset ɗin Mamman Sani na 1978 a Yamai, ya nemi mai shi, suka sake fitar da shi a 2013. Na saya, na sauke, na sa abin kunne da dare bayan an ɗauke wuta. Ɗan shuuu ɗin nan na kaset yana nan, ba su goge shi ba, kuma na ji daɗin haka. Da sun wanke shi tas, da ba kiɗan da na sani ba ne.

Shagon ba shi da wuyar sha'ani. Kana iya sauraro kafin ka biya, in ka biya kuma ka sauke ya zama naka, ko babu data kana ji. Akwai faifan garmaho ga masu injinsa, amma kuɗin aikowa daga Amurka ya fi ƙarfina, ban ko gwada ba.

Abin da ya riƙe ni har kusan asuba shi ne sauran kayan. Akwai tarin waƙoƙin da suka fitar a 2011, waɗanda Kirkley ya tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, irin waɗanda muke tura wa juna ta bulutut a tasha ba mu san mai su ba. Ta cikinsa duniya ta fara jin Mdou Moctar, Buzun nan na jihar Tawa mai kaɗa jita da hagu, wanda a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Akwai matan ƙauyen Illighadad na Nijar da jitarsu da tandensu, wato gangar turmi ta Buzaye. Har waƙoƙin finafinan Kano sun tara a faifai guda. A 2020 kuma suka yi ta fitar da kiɗan da mawaƙa suka naɗa da waya suka aika ta WhatsApp, kuɗin cinikin duka ya koma hannun mawaƙan.

Inda nake da magana shi ne bayanan da ke ƙarƙashin kowane kundi, dukansu da Turanci suke. Da za a ƙara Hausa ko Faransanci, da ’yan gida ma sun karanta labarin nasu. Biya kuma da dala ne. Katin bankina sau biyu yana ƙi, sai da wani aboki ya biya mini na ba shi sefa a hannu.

Ranar Juma'a na je gaida mahaifiyata, na ajiye wayar a kan tabarma kusa da ita na kunna, ban ce komai ba. Tana tsintar shinkafa a faifai, sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Kai, wannan ai na rediyon babanku ne." Sau uku ta sa na maimaita mata.