"Biya ɗaya, kayanka har ƙofa": hidimar 'yan kiliya ta yi wa mai shago a Katsina, mai inji kuwa sai ya yi hattara

Duk wanda ya nemi shigo da kaya daga Chana ko Indiya ko Turkiyya yana zaune a Katsina ya san wannan tayin. Ofisoshin 'yan kiliya (ejan-ejan masu fito wa mutane da kaya daga tashar jirgi) da ke cikin gari, waɗanda galibinsu wakilai ne na wani kamfani a Kano ko Apapa, sukan yanka kuɗi ɗaya dunƙule: kuɗin jirgi, kuɗin fito, na tasha, na mota, duk a ciki. Maganar ba ta wuce, "Alhaji, kai dai ba mu lambar mai kayan a can, sauran namu ne. Sai dai ka ga tirela a ƙofar shagonka." Wannan hidimar muka ɗora a sikeli. Ga mai katan ashirin ko talatin ta biya kuɗinta. Ga wanda zai shigo da injin casar shinkafa, ko na gurzar auduga, ko taransifoma, tsarin yana da ramuka, kuma kusan dukkansu a takarda suke tun kafin jirgi ya tashi.

Mu fara da inda ta yi kyau, don ba shi da tsawo. Mai shago a Babbar Kasuwa da ya sayi fitilun sola ko kayan gyaran Keke Napep ba zai cika kwantena ba. Ejan yana haɗa kayan mutum goma sha a kwantena ɗaya, ya caji kowa gwargwadon wurin da kayansa suka ci, ana awo da ma'aunin da suke kira CBM, wato girman akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Kwantena mai ƙafa 20 tana da wajen 33, mai ƙafa 40 wajen 67, doguwarta kuma wajen 76, kodayake ba a taɓa cika su taf. Ta jirgin sama kuwa da kilo ake biya, kayan su sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ko Legas. Ɗan kasuwa ba ya buɗe Fom M (takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki), ba ya zuwa banki, ba ruwansa da kwastam. Aibinta biyu ne. Kwantena ba ta tashi sai ta cika, don haka "mako shida" yakan koma wata uku. Sannan idan mutum ɗaya ya cusa magani ko kayan shafawa da ba su da rajistar NAFDAC, kwantenar gaba ɗaya ake riƙewa, har da kayanka da ba su ji ba su gani ba. Ejan na kirki yana buɗe kowane katan a sitonsa na can kafin lodi. A tambaye shi ko yana yi, a kuma nemi hoton katan ɗinka a buɗe da alamar sunanka a jiki.

Inji kuwa wani abu ne daban. Abu na farko da za a duba: da sunan wa aka buɗe Fom M? A tsarin biya ɗaya, sau da yawa da sunan kamfanin ejan ne, ko ma na wani kamfani na uku da yake ara. Ma'anarsa, a idon kwastam da banki da kamfanin jirgi, kayan ba naka ba ne. Takardar lodin jirgi ba ta ɗauke da sunanka, shaidar biyan kuɗin fito ba ta ɗauke da lambar harajinka. Ran da ka je Bankin Masana'antu neman rance kana so ka jingina injin, ko gobara ta tashi kana neman diyyar inshora, za a ce kawo takardun shigowa, sai ka miƙa takardun wani. Kuma idan rikici ya shiga tsakaninku da ejan kaya suna tasha, shi ke riƙe da wuƙa da nama.

Yadda ya kamata aikin ya tafi ba ɓoyayye ba ne. Mai kaya ya karɓi takardar farashi ta farko daga masana'anta, ya yi inshorar kayan a kamfanin inshora na Nijeriya, ya kai bankinsa a buɗe Fom M da sunan kamfaninsa da lambar harajinsa. Idan kayan suna cikin waɗanda hukumar SON mai kula da ingancin kaya ke sa wa ido, sai da takardar shaidar ingancin samfurin kafin fom ɗin ya samu amincewa, daga baya kuma a karɓi satifiket na SONCAP na ainihin wannan lodin. Sai fom ya fito ake cewa a yi lodi. Bayan jirgi ya tashi, masana'anta ta aiko da rasit na ƙarshe, jerin abin da ke cikin kowane akwati, takardar lodi da shaidar ƙasar da aka ƙera kayan, banki ya tura wa kwastam su fitar da PAAR, takardar da ke faɗin ajin kayan da ƙimarsu tun ba su iso ba. Tun ƙarshen 2013 kwastam suka karɓi wannan aikin daga hannun kamfanonin duba kaya. Jirgi daga Chana zuwa Legas yakan ci wajen wata ɗaya da rabi, lokaci ne isasshe da za a gama PAAR. Ejan da ya bari sai jirgi ya sauke sannan ya fara neman PAAR ya riga ya ci maka kuɗi, ko da bai saci ko kwabo ba.

Wurin da gwaninta ke bayyana shi ne lambar ajin kaya, mai lambobi 10. Jadawalin kuɗin fito na ECOWAS da Nijeriya ke bi yana da hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Yawancin injinan masana'anta suna hawan ƙasa. Amma layin casar shinkafa ba abu ɗaya ba ne: akwai mai fidda tsakuwa, mai ɓare ƙaiƙayi, mai gogewa, mai tantance launi, tukunyar turarawa, bel-bel na ɗaukar kaya, motocin lantarki, allon sarrafa wuta, wayoyi, da ƙarafan dandamali. Idan rasit ya nuna su a matsayin inji ɗaya da aka wargaza don sauƙin ɗauka, kuma zanen masana'anta da jerin akwatuna suka tabbatar da haka, ana iya shigar da su a aji ɗaya. Idan kuwa aka jero su ɗaya-ɗaya da farashin kowanne, ko aka rabo su a jirgi biyu ba tare da an nemi izini tun farko ba, jami'in da ke duba kaya yana da hujjar cewa waya waya ce, ƙarfe ƙarfe ne, kowanne ya biya nasa hawan. A nan ne masu biya ɗaya suka fi rauni. Ba kasafai suke karanta rasit kafin lodi ba, domin sun saba da katan-katan na kayan shago.

Ga misali na lissafi, da dala don kada canjin kwastam ya rikita mu, tunda shi ma yana motsi da kasuwa. A ce kuɗin inji a bakin jirgi dala 40,000 ne, dakon ruwa 5,000, inshora 200. Jimilla 45,200, kuma a kanta ake yanka kuɗin fito. Kashi 5 ya kama 2,260. Ƙarin kashi 7 na kuɗin fiton, 158. Rabin kashi ɗaya na ECOWAS, 226. Kashi 1 na kuɗin kaya a bakin jirgi, a tsohon lissafi, 400. A tara duka har da jimillar farko a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wajen 3,618, idan kayan ba sa cikin waɗanda aka yafe wa. Abin da zai shiga asusun gwamnati ya kai wajen 6,660. Da an jefa kayan a hawan kashi 20, kuɗin fito kaɗai 9,040 ne. Wancan kashi 1 ɗin ma ba a zaune yake ba: dokar kwastam ta 2023 ta tanadi kashi 4, aka fara karɓa a Fabrairun 2025, 'yan kasuwa suka yi ca aka dakatar, aka kuma ci gaba da kai ruwa rana a kai. A misalinmu bambancin dala 1,200 ne. Ejan ya nuna maka abin da na'urar kwastam ta fitar a makon da za a biya, kada ya kawo maka lissafin bara.

Dalilin kawo wannan lissafin shi ne a gane yadda arhar biya ɗaya take samuwa. Kuɗin jirgi ba ya raguwa, na tasha ba ya raguwa, gas ɗin tirela ba ya raguwa. Idan wani ya yanka maka ƙasa da kowa sosai, daga kuɗin fito ya yanko: ya rage ƙimar kaya a rasit, ko ya sauya aji. Yana iya fita ƙofar Apapa lafiya. Sai dai tsakanin Legas da Katsina akwai sama da kilomita 1,000 da shingayen sintirin kwastam, waɗanda aikinsu ke nan, su gwada takarda da abin da ke cikin mota. In ba su dace ba, a juya tirela zuwa ofishinsu, a yanko takardar cikon kuɗi da tara. A lokacin ejan zai kira ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗan samu matsala a hanya," kuma kuɗin dunƙule ya tashi daga dunƙule. Maganin abin ɗaya ne: mai kaya ya biya kuɗin fito da kansa a banki, a kan takardar kimantawa da kwastam suka fitar, ya riƙe rasit. La'adar ejan a rubuta ta daban.

A cikin tasha agogo biyu ke gudu a lokaci guda, kuma mutane da yawa suna zaton ɗaya ne. Masu tasha suna cajin kuɗin ajiya kullum, farashin yana hawa mataki-mataki in an daɗe. Kamfanin jirgi kuma yana cajin dimarej, wato hayar kwantenarsa, bayan kwanakin kyauta sun ƙare, kuma nasa agogon ba ya tsayawa sai kwantena ta koma hannunsa babu kaya. Wannan ya fi cin ɗan Katsina fiye da ɗan Ikeja. Tirela ta yi kwana huɗu zuwa mako tana hawowa ta Ibadan, Ilori, Jebba da Mokwa, a sauke, ta sake yin wasu kwanakin tana komawa, ta kuma bi layin shiga tasha na manhajar Eto da hukumar tashoshin ruwa ta kawo a 2021. Duk wannan daga kuɗin jinginar kwantena da ka ba kamfanin jirgi ake zaftarewa. Ejan da ya san aiki yakan sa a nemi ƙarin kwanakin kyauta tun a can wurin lodi, 14 ko 21, a rubuta a takardar jirgi. Ko ya juye kayan a Legas cikin buɗaɗɗiyar tirela a mayar da kwantena nan take, idan injin zai jure ɗagawa sau biyu. Ko a sayi tsohuwar kwantena tun daga can, ta zama taka, ka mayar da ita sito. Masu biya ɗaya ba su cika kawo waɗannan zaɓin ba, kuma a tambayi wa zai karɓi ragowar kuɗin jinginar, don da sunan wanda ya biya ake mayarwa.

Ranar duba kaya ma tana buƙatar mutum a tsaye. Ana ajiye kwantena a fili, a yanke sil, wato hatimin ƙofarta, a gaban jami'ai, 'yan dako su fara janyo akwatunan katako, a ɓalle murfi da ƙarfe. Allon sarrafa wuta da kyamarorin injin tantance launi ba sa son rana da ƙura da jifa. In ba wanda ya san kayan a wurin, a mayar da su yadda aka ga dama, ba a ɗaure ba, ramukan hanyar Mokwa su ƙarasa sauran. A nemi hoton lambar sil kafin yankawa, da na sabon da aka sa.

Ƙofar kwantena faɗinta wajen mita 2.3 ne, tsayinta ma kusan haka. Tukunyar tururi ko babbar taransifoma da ta wuce wannan sai kwantena marar rufi ko mai shimfiɗaɗɗen gindi, sannan a ɗauko ta a tirela mai ƙasa-ƙasa saboda gadoji da wayoyin wuta. A Katsina kuma ba kullum ake samun kiren mai ƙarfin da ake so ba, wani lokaci sai an ɗauko daga Kano. "Har ƙofa" a bakin ejan yana nufin mota ta tsaya a ƙofa. Saukewa naka ne, kuma direba yana cajin kwanan da ya yi yana jira.

Akwai masu tallata hanyar Kwatano zuwa Maraɗi a shigo ta Jibiya ko Kongolam. Ga inji mai tsada ba mu ba da shawararta ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kaya su maƙale a ƙasar wani ba ƙaramin tashin hankali ba ne, motoci kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da su ta ƙasa. Tashoshin tsandauri, wato tashoshin sauke kayan jirgin ruwa da ke nesa da teku, sun fi ma'ana: ta Kaduna tun 2018, ta Dala a Kano 2023, ta Funtuwa 2024. Amfaninsu shi ne a duba kayanka kusa da gida, ka je da kanka ka tsaya. Sharaɗin shi ne a rubuta sunan tashar a Fom M da takardar jirgi tun farko a matsayin inda kaya za su ƙare, kuma kamfanin jirgin ya yarda ya kai can ya kuma karɓi kwantenarsa a can. Ejan ya kawo wannan amincewar a rubuce kafin a biya kafin alƙalami.

Wanda zai ba da aikin inji ya nemi ganin lasisin kwastam na bana da sunan kamfanin da zai shigar da bayanan, don da yawa aron lasisi suke yi, da rajistar hukumar CRFFN mai kula da masu dakon kaya. Yarjejeniya ta rarrabe kuɗi gida-gida, ta faɗi wa zai ɗauki dimarej idan jinkirin daga ejan ne, ta kuma ce inshora ta rufe har wurin sauke kaya a Katsina, don wasu takardun a bakin tasha suke ƙarewa. Idan rigimar da kamfanin jirgi ce ko masu tasha kan cajin da ba a gane ba, Hukumar Masu Safarar Kaya ta Jiragen Ruwa ta Nijeriya tana karɓar koke.