Wasiƙa daga Okland: hutun Waitangi da ƙarin kuɗin shayi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri, a miƙa gaisuwata ga Inna da su Baba Ƙarami. Kin ce in riƙa ba ki labarin yadda saye da sayarwa yake a nan Niyu Zilan, to ga na wannan mako.

Ranar 6 ga Fabrairu aka yi hutun da suke kira Ranar Waitangi. A wannan rana ce a 1840 sarakunan Maori, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, suka fara sa hannu a yarjejeniya da wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, a wani wuri mai suna Waitangi. Kusan arba'in ne suka sa a ranar, daga baya aka zaga da takardar har suka haura 500. Sai dai an rubuta ta da harshe biyu, kuma maganar ba ta zo ɗaya ba: ta Turanci ta ce sun miƙa mulki ɗungurungum, ta Maori kuwa ta bar wa sarakunan ikonsu a kan ƙasarsu da dukiyarsu. Har gobe ana ja-in-ja a kan wannan. Da na ji labarin sai Gwamna Lugga da Sakkwato suka faɗo mini a rai.

Ni dai abin da ya fara tsayar da ni takarda ce a ƙofar wani gidan shayi: yau akwai ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Na ce to, ashe halin direbobin tasha ranar jajibirin Sallah ya biyo ni har nan! Sai yarinyar da ke sayarwa ta yi mini bayani. Doka ce ta ce duk wanda ya yi aiki ranar hutun ƙasa a biya shi ladan yini ɗaya da rabi, kuma in ranar aikinsa ce dama, a ba shi wata rana ya huta. Mai shago ke rage asara da wannan ƙari. Wasu ba sa ƙarawa, su ma sai su rubuta. Na biya, raina bai so ba, amma na san inda kuɗin ya nufa. A gida tela zai ninka miki kuɗin ɗinki, yaran shagonsa kuwa su kwana kan keke ba su ga ko sisi ba.

Manyan kantuna a buɗe suke, farashi yadda yake jiya. Ba ciniki, ba "albarka", ba gyara. Harajin ma yana cikin abin da aka liƙa. Wallahi ina kewar tayi. Bas yana yawo amma jefi-jefi, bankuna da ofisoshin gwamnati a rufe. Wuta da ruwa kuwa ba su san da wani hutu ba.

Da rana muka je filin biki, ga zafi, don Fabrairu a nan tsakiyar bazara ne. Ana sayar da hangi, abincin Maori da ake turarawa cikin rami a kan duwatsu masu zafi, nama da kabewa da dankali da suke kira kumara. Ƙamshinsa kamar a yi me, amma na tambaya aka ce da naman alade a ciki, sai na haƙura. Na biya shagon wani mahauci Musulmi na sayi naman rago. Yana da taushi da kitse, sai dai tsada, a ƙasar da tumaki suka ninka mutane yawa. Tattasai da attaruhu ma da awo ake sayarwa, guda uku ki ga kuɗi kamar na kashi guda a kasuwar Rimi.

In kin sami mai zuwa, a tambaya tukuna kafin a ba shi kilishi, don a filin jirgi ba sa wasa da abinci, ƙwacewa suke yi, in ba ka faɗa ba su ci ka tara. Daddawa da kuka ma sai an nuna musu.

Ƙanwarki.